Alƙali Mahfuzu da Damin Mahdi

Mahfuzu Illa bai shiga lakkwal don mahaifinsa yana sha'awar boko ba. A shekarar da aka zo ɗaukar yara a ƙauyensu, gabas da Keita, an ce wa maigari ya kawo nasa kason, shi kuma ya duba gidajen da ba su da bakin yi masa gardama. Gidan Illa na cikinsu. Aka kai yaron yana kuka, uban na biye yana ba mushe, wato malamin lakkwal, haƙuri kamar shi ya yi laifin. Shekaru da yawa bayan haka, da Mahfuzu ya zama alƙali, jikokin maigarin suka riƙa faɗa a kasuwa cewa kakansu ne ya fara hango basirarsa. Bai taɓa ƙaryata su ba.

Mahaifiyarsa Cima ta yi suna a unguwa wajen iya miya. Duk da haka, kusan kowace yamma takan cika kwano da tuwo ta ce ya kai wa maƙwabciyarsu Tabawa ta ɗanɗana mata gishiri. Tabawa matar wani falke ce da ya taɓa mallakar jakuna masu yawa, ya mutu bai bar ko igiyarsu ba. Takan karɓi kwanon ta shiga ɗaki, in an jima ta miƙo shi a wanke, ta ce a gaya wa Cima gishiri ya ji, ko kuma yau ya ɗan yi kaɗan. Wata rana Mahfuzu ya tambayi uwarsa yadda aka yi mai iya miya kamarta ta kasa gane gishiri da kanta, da kuma dalilin da ya sa ɗanɗano yake buƙatar cikakken kwano. Cima ta dube shi ta ce ya ci tuwonsa. Bai sake tambaya ba.

Daga lakkwal ɗin ƙauye ya wuce koleji a Keita, daga nan lise a Tawa. Ba shi ne ya fi kowa ƙwaƙwalwa ba. Malamansa sun yarda da haka, shi ma ya yarda. Abin da yake da shi kawai shi ne, in ya kama abu ba ya saki, ko da abin nan lissafi ne da kowa ya riga ya haƙura da shi. Yana lise yunwar tamanin da huɗu ta zo. Bayanta furoje, wato shirin raya karkara, ya sauka Keita, aka ce za a farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Maza sun tafi cin rani kudu, don haka mata ne suka hau tuddai suna ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su layi-layi don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya gudu da ita. Ana sallamarsu da hatsi da mai da gwangwanin kifi. Cima na cikinsu. Da hutu Mahfuzu yakan aje littattafai ya bi ta, kuma har ya tsufa akwai wani wuri a tsakiyar kansa da gashi bai sake fitowa sosai ba.

Ya karanta shari'a a jami'ar Yamai. Karatun ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka tsara, saboda yajin ɗalibai da na malamai suna karɓar juna kamar rani da damina. Daga ƙarshe ya wuce makarantar alƙalai, ya yi rantsuwa, aka ba shi baƙar riga. Cima ta zo bikin. Ta shafa rigar, ta yaba yadin, sannan ta tambaye shi a hankali ko sauran launukan sun ƙare ne kafin a zo kansa.

Yawancin abin da ke zuwa gaban alƙalin ƙaramin gari rigimar gona ce. Yadda aka saba, sai a kira masu rigima, kowa ya kawo shaidunsa, waɗanda galibi ’yan uwansa ne, a saurare su cikin inuwa. In abin ya ƙi warwaruwa sai a ɗauko Alƙur'ani, wanda ya yarda ya rantse ya tafi da gona. Mahfuzu bai ce wannan hanya ba ta da kyau ba. Shi dai ya ce yana son ya ga gonar tukuna. Kotu ba ta da mota, in ma akwai ba ta da mai, don haka yakan hau kamiyon kasuwa, inda hanya ta ƙare ya sauka ya taka. Ya sayi takalmin taya ya aje shi ƙarƙashin teburinsa. Yakan bi iyaka da ƙafa, ya duba inda aka dasa gamba da aguwa, ya tambayi wanda ya dasa, ya tambayi maƙwabcin gonar da ba wanda ya kira shi shaida. Manoma suka sa masa suna Mai Takalmin Taya. Abokan aikinsa suka ce yana zubar da ƙimar riga. Ya ce rigar yana barinta a rataye, ba abin da ke samunta.

A Madawa, inda ya daɗe, wata safiya ya tashi ya tarar da buhunan albasa a ƙofar gidansa, ana gobe zai yanke wata shari'a. Ya sa aka kai su kicin ɗin gidan kaso. Da aka zauna kotu ya fara da miƙa godiyar fursunoni ga mai alherin, ya ambaci sunansa da na mahaifinsa don kada ladan ya ɓata hanya. Daga ranar ba a sake kawo masa ko goro ba. Ba da daɗewa ba ya yanke hukuncin wani lambu a fadama, hukuncin bai yi wa ƙanen wani babba daɗi ba. Sai ga saƙon taya murna: an ƙara masa girma, an tura shi Bilma. Aka ce masa wuri ne da ke buƙatar mutum mai amana. Ya bar matarsa da yara a Tawa saboda karatu, ya ɗauki takalminsa ya tafi. A can babu gonar hatsi, amma akwai dabino, kuma mutane suna rigima a kansa daidai yadda ake rigima ko'ina. Yana can Cima ta rasu. Kafin ya samu motar da za ta fito da shi daga rairayi, an riga an yi sadakar bakwai.

Sai da furfura ta cika masa kai aka tuna da shi, aka kawo shi kotun ɗaukaka ƙara a Tawa. Aiki ne mai daraja. Alƙalai uku suke zama, su karanta dosiye, wato takardun shari'ar da aka riga aka yanke a ƙasa, su saurari lauyoyi, su tabbatar ko su soke. Ba kasafai ake ganin gona ba, sai sunanta. Mahfuzu bai taɓa zama shugaban zama ba. Yakan zauna a gefen mutanen da shi ya koya musu aiki, takalmin taya kuma yana ƙarƙashin tebur yana tara ƙura.

A shekararsa ta ƙarshe kafin ya aje aiki, shari'ar Tudun Kalgo ta zo gabansu.

Tudun Kalgo ƙauye ne a yankin Tama. Bisa ƙauyen akwai wani faffaɗan fako, ƙasa mai tauri kamar daɓe, wadda a da ko akuya ba ta tsayawa a kanta. Da furoje ya faɗaɗa ya iso yankin Buza, matan ƙauyen suka yi mata abin da Cima ta yi wa nata tudun. Suka jera duwatsu, aka haƙa ramuka, aka dasa itatuwa. Yanzu fakon ne ke ciyar da rabin gidajen ƙauyen, musamman waɗanda ba su gaji komai a fadama ba.

Wanda ya yi ƙara sunansa Idrisa, ɗan kasuwar albasa a Madawa. Kakannin mahaifinsa Mahdi Abzinawa ne masu raƙuma, waɗanda a zamanin da suke da iko da wannan yanki, manoma ke kai musu hatsi kowace kaka. Idrisa ya ce fakon makiyayar gidansu ce, aro aka ba mutanen ƙauye, yanzu ya sayi dabbobi yana son ya killace abinsa ya mayar da garken ubansa. Hujjarsa ɗaya ce, amma mai ƙarfi. A al'adar wurin, wanda ke noma ƙasar aro yakan kai wa mai ƙasa dami guda kowace kaka, shaida cewa ya san ba tasa ba ce. Kuma shekara talatin da wani abu, kowace kaka, dattawan Tudun Kalgo suna ɗaukar damin hatsi su kai ƙofar Mahdi, su durƙusa, su ce: ga damin ƙasarka. Bayan rasuwarsa suka ci gaba da kai wa matarsa.

A kotun farko an tambayi maigari Rabo ko gaskiya ne suna kai dami. Ya ce gaskiya ne. Aka tambaye shi abin da suke faɗa in sun kai. Ya faɗa. Alƙalin bai yi wani kuskure da za a nuna da yatsa ba. Ya rubuta abin da aka gaya masa, ya ba Idrisa fako, ya tafi cin abinci.

Ranar sauraron ɗaukaka ƙara, Rabo ya zo da rawani da sanda da lauyan da matan ƙauyen suka tara kuɗi suka ɗaukar masa. Shugaban zaman shi ne Yaƙubu, mutum mai gaskiya wanda ya yi imani cewa abin da ba ya cikin dosiye bai faru ba. Ta uku ita ce Bushira, mafi ƙanƙantarsu, haihuwar Yamai, mai saurin karatu da ƙarancin magana. Da lauyoyi suka gama, Mahfuzu ya nemi izini ya yi wa maigari tambaya da Hausa.

"Baba maigari, damin nan na mene ne?"

"Na Mahdi na, ranka shi daɗe."

"Na ji na Mahdi ne. Don me kuke kai masa?"

"Don mun saba."

"Kafin ku saba fa?"

Rabo ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon fankar da ke juyawa a sama, kamar an kira shi ya ba da shaida a kanta. Sannan ya ce: "Ranka shi daɗe, mutumen ga ya riga mu gidan gaskiya. Matatai kuwa tana da rai."

Lauyansa ya dafe kai.

Mahfuzu ya canza hanya. Ya tambayi yaushe aka fara kai damin. Rabo ya ce kakar da ta biyo bayan yunwa. Ya tambayi yaushe fakon ya fara ba da hatsi. Rabo ya ce sai da furoje ya zo, shekaru bayan haka. Ya tambayi ko kafin yunwa ana kai wa gidan su Mahdi wani abu. Rabo ya ce tun zamanin kakansa aka bar wannan. Ke nan mutane sun tashi a shekarar da su kansu ba su ƙoshi ba, sun farfaɗo da harajin da ya mutu tun tuni, suna biyan aron ƙasar da ba ta tsirar da ko ciyawa. Mahfuzu ya taɓa kai irin wannan kwano. Ya gane cewa Mahdi ya sauka ƙauyen ba shi da komai, kuma ba a iya ba jikan wanda kakanka ya durƙusa wa sadaka, don ba zai karɓa ba. Ya kuma gane cewa Rabo ya gwammace ya rasa fako da ya faɗi haka a gaban jama'a.

Lauyan Idrisa ya ce a taƙaita, wanda yake karewa a shirye yake ya dafa Alƙur'ani cewa ya ga damin da idonsa, ya ji kalmomin da kunnensa tun yana yaro. Mahfuzu ya ƙi. Ya ce wa abokan aikinsa rantsuwar za ta zama gaskiya, kuma wannan ne matsalarta. Idrisa ba maƙaryaci ba ne. An dai shirya abin ne da kyau, har ya wuce wanda aka shirya dominsa ya kama ɗansa.

Yaƙubu ya saurare shi da ladabi, don Mahfuzu ya girme shi. Sannan ya ce in ba damin aro ba ne, to na mene ne, kuma wa ya faɗa? Masu ƙauye sun amsa da bakinsu. Kotu ba ta hukunci da abin da ke cikin zuciyar alƙali, balle abin da uwar alƙali ta yi wa maƙwabciyarta. Mahfuzu ya ce gaskiya ne, shi ya sa yake roƙon kotu ta je wurin. Yaƙubu ya ce babu mai. Mahfuzu ya ce akwai motar kasuwa. Yaƙubu ya ce ba a saba ba. Daga ranar, kowace safiya, Mahfuzu yakan shigo wurin Yaƙubu ya gaishe shi, ya zauna, ya ɗora takalmin taya cikin leda bisa cinyarsa, ya tambayi lafiyar iyali, bai ambaci Tudun Kalgo ba. In baƙi sun shigo ya gaishe su, ya ci gaba da zama. Yaƙubu mutum ne mai haƙuri, amma ba har abada ba. Ya sa hannu a kan umarni cewa Mahfuzu da Bushira da akawun kotu su je su duba, su saurari duk wanda ya dace.

Sun isa ana dab da girbi. Hatsi ya yi tsawo tsakanin layukan duwatsu, farar ƙaya ta yi inuwa. Mahfuzu ya bi fakon da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan, Rabo da Idrisa da lauyoyinsu suna biye, mata na binsu daga nesa. Bai sami komai a ƙasa da ba a riga an faɗa ba. Duwatsun suna nan, kowa ya yarda da waɗanda suka ɗauko su. Da suka sauko sai ya ce yana son ya gaida tsohuwa.

Fiddausiya, matar Mahdi, tana zaune a gefen ƙauye. Ɗanta ya yi ta roƙonta ta koma Madawa ta ƙi. Ya gina mata ɗaki na siminti, tana aje kaya a ciki, ita kuma tana wuni a rumfar tabarmi a tsakar gida. Ta sa aka shimfiɗa wa baƙi, aka kawo ruwa. Idrisa ya zauna kusa da ita. Rabo ya zauna can bakin ƙofa, inda ya saba durƙusawa.

Mahfuzu bai tambaye ta dami ba. Ya gaishe ta, ya yi mata gaisuwar mijinta ko da an daɗe, ya ce shi mutumin Keita ne, ɗan manomi. Sannan ya ba ta labarin Cima da Tabawa da kwanon gishiri, tun daga farko. Lauyan Idrisa ya duba agogo. Da ya gama ya ce abu ɗaya ke damunsa har yau, su biyun sun rasu bai tambaya ba: ko Tabawa ta san abin da ake yi, ko kuwa ta ɗauka da gaske gishiri take ɗanɗanawa.

Tsohuwar ta gyara mayafinta.

"Ta sani, ɗana," in ji ta.

Daga nan ta ci gaba da kanta, ba ta kallon kowa. Ta ce sun sauko nan da jaki guda, raƙuma duk sun mutu a hanya. Mutanen gari suka aiko da hatsi ta hannun liman, da sunan da ake ba irin wannan aike. Mahdi ya mayar. Suka sake aikowa, ya sake mayarwa, yara kuwa suna kuka, Idrisa ne ƙaraminsu. Da kaka ta zo sai ga mahaifin Rabo da Rabo kansa da wasu dattawa ɗauke da dami, suka durƙusa yadda kakanninsu ke yi, suka faɗi abin da kakanninsu ke faɗa. Mahdi ya karɓa kamar mai karɓar abinsa. Ba dami ɗaya ba ne ma a shekarun farko, in ji ta, ɗaya ake kawowa da rana, sauran a tarar da su a rumbu. Kuma kowace shekara in sun tafi, Mahdi yakan ja rawaninsa har ido, ya juya wa ƙofa baya, ba ya magana sai an kira sallar magariba. Ta ce kakanninsu sun yi kiwo bisa tudun nan, gaskiya ne, yadda suka yi kiwo ko'ina, amma ba su taɓa aje dutse ko guda ba.

Idrisa ya ce da murya ƙasa-ƙasa: "Inna, kin san abin da kike faɗi?"

"Na san abin da ka ci ka girma."

Wanda ya fusata shi ne Rabo. Ya miƙe da sandarsa, ya ce wa akawu ya rubuta cewa ba su ne suka faɗa ba, ba daga bakin mutumin Tudun Kalgo maganar ta fito ba. Akawu ya rubuta. Rabo ya juya ga Mahfuzu ya ce shekara talatin suna rufe abu, baƙo ya zo da takalmin taya ya buɗe shi a wuni guda, da ya san haka ne da sun bar fakon ya tafi. Matan da suka ɗauki duwatsun suna tsaye bayan darni, kuma daga irin gyaran muryar da aka ji, ra'ayinsu ya ɗan bambanta da nasa.

Bushira ta matsa kusa da tsohuwar ta tambaye ta ko ta yarda a rubuta maganarta a karanta a kotu. Fiddausiya ta ce a rubuta. Abu ɗaya ta roƙa: kalmar nan da liman ya zo da ita, wadda mijinta ya mayar sau biyu, kada a sa ta kusa da sunansa.

Mahfuzu ne aka ba rubuta hukuncin, kuma ya fi shan wuya a kansa fiye da kowane hukunci da ya taɓa rubutawa. Faransanci yana da kalmar a sarari, kuma Yaƙubu ya ce hukunci ba wurin kunya ba ne, a kira abu da sunansa. Mahfuzu ya ce an yi alkawari. Shawarar alƙalai sirri ce, ba wanda ya san yadda ƙuri'a ta kasance. An dai lura cewa ranar da Yaƙubu ya karanta hukuncin, ya karanta shi da muryar mutumin da aka ba saƙon wani ya isar.

Kotu ta soke hukuncin farko. Ta ce damin da ake kai wa gidan Mahdi girmamawa ce tsakanin maƙwabta, an fara ta tun fakon bai zama gona ba, don haka ba ta nuna aro, ba ta kuma ba kowa mallaka. Fako na waɗanda suka raya shi ne. Burtali zai zauna a buɗe, kuma bayan an kwashe amfani dabbobin Idrisa za su shiga su ci kara kamar na kowa. Kalmar ba ta fito ko sau ɗaya ba. Idrisa yana da damar kai ƙara gaba zuwa Yamai, lauyansa ma ya ce akwai abin kamawa. Bai kai ba. Bai kuma gaida kowa ba da ya fita.

Bayan 'yan watanni Mahfuzu ya aje aiki. Aka yi masa liyafa, aka yi jawabai, aka ambaci Bilma a matsayin shaidar yadda aka daɗe da sanin darajarsa. Ya koma Keita, ya karɓi ɗan yankin da Cima ta bari bisa tudu, ya fara noma. Maƙwabtansa sun ce alƙali ne nagari.

Da kaka ta zagayo, yana gona sai ga kabu-kabu ya sauke Rabo. Tsohon bai huce gaba ɗaya ba, amma ya yi gaisuwa cikakkiya. Ya ce lauya ya gargaɗe su su bar kai dami, kada wani jika ya sake tasowa da shi nan gaba. Ya ce tsohuwar ba ta buƙata, ɗanta na aiko mata da shinkafa daga Madawa. Amma ba za su iya ganin kaka ta wuce su bi ta ƙofarta hannu sake ba. Dami yana nan an ɗaure. Abin da ba su sani ba shi ne abin da za su ce in sun aje shi, tunda kotu ta karɓe musu kalmomin da suka saba.

Mahfuzu ya jingina da hauyarsa ya ce su kai, kada su durƙusa, su ce mata sun kawo ta ɗanɗana musu hatsin bana ta gaya musu ko ya yi.

"Hatsi ba miya ba na, ranka shi daɗe."

"Za ta gane."

Rabo ya dube shi daga hula har takalmi, ya tambaya ko iyakar abin da karatun Yamai ya samar ke nan. Mahfuzu ya ce kusan haka ne. Tsohon ya sha ruwa, ya hau kabu-kabu ya koma.

Labarin ya iso Keita ranar kasuwa ta bakin wani mai sayar da barkono. An kai damin, an faɗi abin da aka ce a faɗa. Fiddausiya ta zare zangarniya guda, ta murza a tafin hannu, ta hure, ta tauna da sauran haƙoranta. Ta ce hatsin fako bai kai na fadama zaƙi ba, su sake kawowa baɗi ta ga ko ya gyaru.

Mahfuzu ya ji, ya sayi barkonon, ya koma gona. Ruwan damina ya ture wasu duwatsu daga layin da Cima ta jera, ya shiga mayar da su ɗaya bayan ɗaya.